Beyar a Allon Shagon Kifi

Tun daga cikin tasi Munira ta hango allon a titin Aziziyya, ta ce wa direba ya tsaya.

Hotonta ne. Ita ta ɗauke shi bara a Alaska, da ta raka mijinta wani taro. Sana'arta a unguwar Zahir ɗaukar hoton amare, amma can sai ta tare a bakin kogi cikin yayyafi, yatsunta sun ƙage don sanyi, tana kallon beyar, manyan namun dajin nan masu gashi, suna tsaye cikin ruwa suna jiran kifin salmon da ke tsalle. Ta yi kwanaki ba ta samu abin kirki ba. Ranar da za su taho wata uwar beyar ta wangale baki, kifi na sama bai kai ga haƙoranta ba, Munira ta danna kyamara.

Yanzu ga shi a saman sabon shagon soyayyen kifi na yayanta Mukhtaru. An shafe kan beyar ɗin da jan fenti, an rubuta lambar waya a wurin.

Ta shiga shagon.

"Yaya, wa ya ba ka hotona?"

"Ba ke kika turo mana a waya ba?"

"Don ku gani na turo! Ina kanta?"

Mukhtaru ya goge hannu da tawul. "Wani malami ya ce fuskar mai rai ba ta dace ba. Ai kifin yana nan."

"Kifin ba shi da rai? Kuma kifin hamur kake soyawa, ina ruwanka da salmon?"

"Khalas, ya Munira, ya isa haka, mutane na kallo."

"Su kalla!"

A nan tsaye ta kira mahaifiyarsu, Hajiya Hure, ta zayyana mata. Hajiya ta ce, "Yanzu saboda hoton dabba za ki tozarta yayanki a kasuwa?"

Wannan ta fi mata zafi. Ta kashe wayar, ta ce wa Mukhtaru ba za ta sake taka gidansa ba sai ya sauke allon.

Ya sauke bayan mako guda, bai ba ta haƙuri ba. Da ya aiko mata da kifin walimar buɗe shago, ta miƙa wa maƙwabta da ledarsa.