Gawayi da Kananzir

"Ba zan sha ba," in ji Awabu, ta ture hannun Koci Seidu da ke miƙo mata garin gulukos a ƙunshin takarda.

"Ba roƙonki nake yi ba. Tseren mita dubu uku, ƙarfe huɗu na yamma, da azumi a bakinki? Ki sha, ki rama bayan salla."

"Matafiyi aka yi wa rangwame, Koci. Daga Nima zuwa nan mota ɗaya na hau."

Ta sunkuya tana ɗaure igiyar takalmi don kada ya ga haushin da ke fuskarta. Yau kowa ya zama likita. Da sahur Inna ta ce gudun ya tsotse ta kamar busasshen kifi. Karen mota ma sai da ya sa baki. Alhali ita Awabu ce ta gama sakandare, ita ce ta karanta littafin da Kocin ya ara mata. Shekara biyu tana zagaye unguwannin Kotobabi da Maamobi da gudu bayan asuba, ciki ba komai, masu koko suna yi mata kirarin mahaukaciya.

"Kai ka koya mini," ta ce. "Dogon gudu yana koya wa jiki ƙona kitse, ya adana sukari."

"Kin karanta rabin shafi kin rufe littafi! Kitse gawayi ne, 'yata, zai dafa wake har yamma. Amma zagayen ƙarshe kananzir yake so, kuma tun asuba tulunki ke yoyo. Mutum uku za a ɗauka a tawagar ƙasa. Uku! Da gurbin kwaleji."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Taurin kan ubanki Garuba ne, Allah ya jiƙansa."

Aka harba bindiga. Zagaye shida Awabu tana gaba, numfashinta daidai, ƙafafunta na cin ƙasa kamar ba nata ba. Ta ji 'yan Nima suna buga gwangwani suna kiran sunanta. Ta so ta waiga ta dubi Koci.

Sai aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Wata doguwar yarinya ta wuce ta, wata ta bi. Awabu ta ce wa ƙafafunta su tashi. Ba su tsaya ba, ba su kuma ƙara ba. Gudun asubar nan dai suka ci gaba da yi, mai kyau, marar gaggawa, wanda zai kai ta unguwar Madina ya dawo da ita. Dab da layi ta uku ta shige ta da taku biyu.

Ta zube a ciyawa, harshenta kamar tsumma. Koci ya tsugunna ya miƙo gorar ruwa.

"To, yanzu dai an gama. Sha."

"Ƙarfe nawa?"

"Huɗu da rabi."

"Da sauran rana."

Ya buga hularsa da ƙasa. "La ilaha illallahu! Kin san abin da kika zubar?"

Ta sani sarai. Baɗi shekarunta sun wuce na gasar. Babu kwaleji, babu rigar ƙasa. Daga Litinin za ta tsaya bayan tukunyar Inna a bakin babbar kwatar Nima, tana zuba wa mutane wake da shinkafa a ganye.

Ta mayar masa da gorar a rufe, ta fara kwance igiyar takalminta.