Ranar da Aka Rufe Gwamnatin Tukunya

Ɗaliban Nijar da ke hawa na uku a gidan ɗalibai na Villeurbanne, gefen birnin Lyon a Faransa, babbar tukunya guda gare su. A da tana ƙarƙashin gadon Salmanu, sai ya ga dama yake fito da ita. Wata rana ya kulle ɗakinsa ya tafi hutu, aka yi sati biyu ana cin burodi da sardin. Da ya dawo, Mounkaila, mai karatun siyasa, wanda ke bincike kan tsarin mulkin Amurka, ya tara kowa a madafa.

"Waɗanda suka kafa Amurka sun ɗanɗani mulkin sarki, ba su so a sake," in ji shi. "Sai suka raba iko gida uku, kowane yana riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa. Mu ma haka za mu yi."

Aka rubuta tsarin mulki a bayan tsohuwar takardar jarrabawa, aka liƙa jikin firji. Shugaba ke riƙe da tukunya, aka zaɓi Mounkaila. Majalisa ke riƙe da muciya, ita ke faɗin abin da za a dafa: Raliatou, da Salmanu, da Kadidiatou, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a ƙuri'a ba. Murfi aka ba alƙali, Malam Abdulsalami, ma'aikacin wata masana'anta a Saint-Fons, aka ce nasa ne har ƙarshen rayuwa. Cikin jaka yake tafiya da shi wurin aiki, don kada a yi wa shari'a katsalandan.

A watan Disamba na 1995 talabijin ya nuna an rufe ofisoshin gwamnatin Amurka, saboda shugaba da majalisa sun kasa daidaitawa. Mounkaila ya yi ta jinjina kai yana cewa, "Kun ga tsari!" A satin nan majalisa ta yanke cewa ranar Juma'a tuwo za a riƙa yi. Mounkaila dambu yake so, sai ya hau kujerar na ƙi. Ya yi wa Salmanu alkawarin ƙanzon tukunya, Salmanu ya koma bayansa. Raliatou ta ɓoye muciya cikin akwati. Kwana tara ba a dafa komai ba sai shayi.

Sai ga tarho daga Paris. Goggo Huraira ce, ƙanwar mahaifin Kadidiatou, ma'aikaciyar wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa.

"Babanki ya ga hotonki, ya ce wuyanki kamar na zalɓe. Asabar ina zuwa da kuka da daddawa daga kasuwar Château Rouge. In na tarar ba ki cin abincin kirki, ki haɗa kayanki, akwai jami'a a Paris."

Kadidiatou ta yi wata takwas tana gwajin sinadarai a labo, ɗakin binciken jami'a. In ta bar Lyon, aikin ya tafi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi ta ƙwanƙwasa ƙofar Mounkaila.

"Yaya Mounkaila, don Allah tukunyar, na yau kaɗai."

"Ƙanwata, ba ni na hana ba. Tsarin mulki ne. In na ba ki yau, gobe na zama sarki."

"Kai da ka kwana da tukunya a gado, mi ya rage maka?" in ji Raliatou daga ƙofar ɗakinta.

Kadidiatou ta je gaban firji ta karanta takardar, baƙi bayan baƙi. A ƙasa, kusa da tabon mai, an rubuta cewa kashi biyu cikin uku na majalisa na iya karya ƙin shugaba. Ta lissafa da yatsu: ita da Raliatou.

Aka kira zama. Mounkaila ya raɗa wa Salmanu cewa a majalisar dattawan Amurka mutum na iya yin ta magana don ya hana ƙuri'a. Salmanu ba shi da abin faɗa, sai ya miƙe ya soma gaisuwa, ya san ba mai katse gaisuwa.

"Raliatou, ina kwana? Ina gajiya? Ina mutanen Damagaram? Ya jikin Baba? Ya sanyi?"

"Lafiya lau," in ji Raliatou, tana cizon haƙora.

"Ina labarin akuyar nan taku? Ta haihu? To madalla. Ina ƴaƴan?"

Ya gama da Damagaram ya shiga Maraɗi, tushen su Kadidiatou. Jirgin ƙasan Goggo ya riga ya iso tashar Part-Dieu ta Lyon. Salmanu na tambayar lafiyar wani mai wanki da Kadidiatou ta taɓa ambata, sai ta buga tafin hannu a kan tebur, har kofuna suka yi tsalle.

"Salmanu, kowa lafiya! Da mai wanki da jakinsa! Zauna! Mai son tuwo ya ɗaga hannu!"

Hannu biyu suka tashi. Mounkaila ya dubi takardar firji, ya yi ajiyar zuciya, ya je ya ɗauko tukunya. A bakin ƙofa ya ci karo da Goggo Huraira, da jaka a hannu, ta ji komai.

Murfi yana Saint-Fons, sai aka rufe tuwon da farantin shayi. Mounkaila ya ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki.

"To ka ɗaukaka ƙara, ɗana," in ji Goggo. "Kafin nan miƙo mini man shanu."

Kadidiatou ta ci malmala biyu a gabanta, ta ƙara da rabi. Bayan la'asar suka sauka rumfar tarho, Goggo ta zura kati ta kira mahaifin Kadidiatou a Yamai.

"Yaya, ka bar ta inda take. Wuyan nan irin na gidanmu ne. Tana cin abinci, har tsawa take yi wa maza. A'a, Kadidiatou taka nake nufi."