Waƙar Rufe Ƙofar Ruwa

Kana wurin, kada ka ce ba ka nan. Ranar da aka yi kiɗan Turawan nan na rok a Unguwar Baraka, tsakanin Kura da Bunkure, a ranin bana na 1977, ka ga magidanci mai furfura yana rawa har ya kife, ka yi dariya, ka juya ka sayi rake. Ba ka tambayi abin da ya fito da shi fili ba. To yau sai ka ji.

Sunansa Sammani. Gonarsa ce ta ƙarshe a magudanar ruwan noman rani. In an buɗe ƙofar ruwa, sai kowace gona ta sha ta ƙoshi kafin ragowa ta iso gare shi. Ya yi dashen tumatir ke nan yana jiran ban-ruwa, sai aka turo musu sabon jami'i, Malam Musbahu, saurayi mai tulin gashi da wando mai faɗin ƙafa, wanda ya je kwas Legas ya dawo kansa cike da ra'ayi.

A da, wani tsohon ƙarfen taya ake bugawa a bakin masallaci. Gidaɗo mai tsaron ƙofar ruwa, can nesa, in ya ji sai ya murɗa ya buɗe, in an sake bugawa ya rufe. Musbahu ya ce wannan ƙauyanci ne. Za a yi bikin noman zamani, a ɗauko makaɗan rok daga Sabon Gari, su za su ba Gidaɗo umarni ta lasifika: waƙar buɗe taro na ƙarewa ya saki ruwa, waƙar rufe taro na ƙarewa ya datse. Kafin ranar kuwa ko ɗigo ba za a saki ba, don baƙi su ga ruwa ya taho da ƙarfinsa. Aka kafa kwamitin zaɓen waƙa.

Sammani, wanda bai taɓa ganin jita ido da ido ba, ya shiga kwamiti da ƙarfin tsiya. Makaɗan suka zo gwaji, shugabansu Bilya, siriri kamar karan dawa, ya rataya jita har gwiwa. Waƙoƙi biyu suka fi gwanancewa a kai. Ɗaya gajera ce mai gudu, kafin ka gyara zama ta ƙare, manoma suka sa mata suna Gajeriya. Ɗayar kuwa jita ce ke ta kuka ita kaɗai ba ji ba gani, har akuyar liman ta tsinke igiya. Ita aka kira Mai Kuka.

Nan take Sammani ya gane lissafin. In an buɗe da Gajeriya, ruwa zai fito da wuri. In an rufe da Mai Kuka, zai daɗe yana gudu har ya kai ƙarshen magudana.

"Ni dai a sanina da rok," in ji shi, "da gudu ake fara shi, da kuka ake ƙare shi."

Bilya ya zare tabarau. "Baba, wallahi ka san kiɗa! A ina ka koya?"

"A gona."

Alhaji Tambaya, wanda albasarsa ke bakin ƙofa kuma ruwa mai yawa ke ruɓar da ita, ya gyara babbar riga. "Haba Sammani! Yaushe ka zama sarkin makaɗa? Taron mutunci da nutsuwa ake buɗe shi. A fara da Mai Kuka, baƙi su huce gajiya, a sallame su da Gajeriya."

"Alhaji, kai da ka toshe kunne da auduga tun ɗazu?"

"Ta cikin audugar na fi jin daɗinta."

Musbahu ya ji daɗi ƙwarai, ya ce bai taɓa zaton manoma na da zurfin fahimtar fasaha haka ba. Ya ɗage zama zuwa gobe. Goben ma aka ɗage. Ana ta muhawara a kan wace waƙa ce ke ɗaga zuciya, wacce ke kwantar da ita, dashen Sammani kuwa ya sunkuyar da kai, ƙasar fangali ta tsattsage. Da ya ce a taimaka a buga ƙarfen nan ko sau ɗaya, sai aka ce masa ba ya cikin ajanda. Daga ƙarshe Alhaji Tambaya ya tuna wa kwamiti cewa tirelar taraktarsa ce dandamali, sai kowa ya ga lallai Mai Kuka ce ta dace da buɗewa.

Ranar biki, bayan la'asar, janareta ya tashi. Bilya ya kama Mai Kuka, ya lumshe ido, ya lanƙwashe baya. Sammani na tsaye yana cizon yatsa, rana tana yin ƙasa. Da ƙyar jitar ta yi shiru, Gidaɗo ya saki ruwa, baƙi suka tafa. Matar Sammani, Zuliha, ta hau tudun magudana inda zai iya hango ta, tana bin ruwan a ƙafa. Sun shirya, in ruwan ya shiga gonarsu za ta ɗaga mayafi.

Aka yi 'yan waƙoƙin tsakiya, Musbahu ya yi jawabi a kan ci gaba. Sai Bilya ya yi ihu a lasifika cewa ga ta ƙarshe. Zuliha ko rabin hanya ba ta kai ba.

A ƙasar nan makaɗi ba ya ajiye kiɗa muddin magidanci na cikin fili yana takawa, yin haka cin fuska ne. Sammani ya cire hula, ya naɗe ƙafar wando, ya faɗa fili. Rabonsa da rawa tun yana saurayi. Bai san yadda ake taka rok ba, sai ya yi rawar da ya sani, ta noma: ya duƙa, ya sara, ya ja baya.

Gajeriya ta zo ƙarshe, mai ganga ya ɗaga sanda zai kashe, Bilya ya harare shi. "Kai, ba ka ga Baba a fili ba?" Suka koma farko.

"Ya isa haka, Sammani!" in ji Alhaji Tambaya. "Albasata na iyo!"

"Alhaji, kiɗan ne ya kama ni!"

Aka sake, aka kuma sakewa. Tsirkiyar jita ɗaya ta tsinke, Bilya ya ci gaba da sauran. Musbahu yana nuna wa baƙi, yana cewa ku duba yadda zamani ya ratsa talaka. Sammani ba ya jin komai sai bugun ƙirjinsa. Duk juyin da zai yi sai ya saci kallon tudu: Zuliha ta wuce gonar Hammadu, ta wuce ta Ibrahimu, ta zama ɗan ɗigo, mayafinta na nan a kafaɗa.  Ya sara, ya ja baya, ya sara, ƙasa ta taso ta same shi a fuska.

Kiɗa ya tsaya. Gidaɗo, mutum mai bin doka, ya datse ƙofa. Ruwan da ya rage a magudana ya yi ta rarrafe, busasshiyar ƙasa tana shanye shi, ya ƙare Zuliha na kallonsa, tazarar jifa da fangalinsu na farko. Kwamiti ya sanar cewa biki ya yi armashi, kuma za a zauna a zaɓi waƙoƙin ban-ruwa na gaba.

Wannan zama jibi ne, a rumfar ofishin ban-ruwa, kuma dashen da ya rage wa mutanen ƙarshen magudana ba zai kai wani makon ba. Ka je. Ka tafi da maƙwabcinka. Kada ka zaɓi waƙa, kada ka karɓi kujera. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ce a saki ruwa yau, a fara shayar da gonakin ƙarshe, kuma kada ka gusa sai ka ga ƙasarsu ta jiƙe da idonka.