Hatimin Baba a Kan Faifai

A shekarar 1988 muna zaune a Takoma Park ta ƙasar Amurka, hawa na biyu, mijina Abdulmumin ya shigo da kwamfuta. Yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo, ya saye ta a hannun abokin aikinsa da zai koma gida, wai zai riƙa fassara labarai a kanta. Kwana uku yana dannata da yatsa ɗaya, ta ƙi shi ya ƙi ta, ya yafa mata zanen gado ya ce ba don mutane aka yi ta ba. Ni da ake cewa zaman gida kawai na iya, ni na yaye zanen.

Maƙwabciyarmu Selina, 'yar Jos ce mai aikin jinya, tana da irin na'urar har da firinta mai buga rubutu a takarda. Ita ta koya mini, ni kuma ina rubuta abin da ta faɗa a littafin makaranta mai bango ja. Kada a zare faifai jar fitila tana kunne. Lokacin sanyi a taɓa ƙarfen ƙofa kafin a taɓa na'ura, don kafet yana tara wa mutum lantarki a jiki. A adana rubutu duk minti goma, musamman idan Haula, 'yata mai rarrafe, tana kusa da waya. Idan na'ura ta daskare a kashe, a ƙirga goma, a kunna. Faifan nan baƙi ne, murabba'i, ga laushi kamar bangon littafi, kuma a cikinsa akwai wani siririn faranti wanda shi ne ke riƙe da rubutun, don na'urar ba ta ajiye komai a cikinta. Shi ya sa Selina ta fi nanata doka guda.

"Maman Haula, kar ki rubuta a kai da biro. Rubuta a takarda tukuna, ki manna. Kuma komai ki yi kwafi biyu, kin ji ko?"

Na ji, na kuma karanta wa Abdulmumin dokokin nan kaf, ba sau ɗaya ba. Ina faɗar haka ne don kada wani ya ce bai sani ba.

Cikin damina ta gida surukina ya zo aikin ido. Baba akawun jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, shekara talatin da huɗu tsakanin Zariya da Ƙauran Namoda da Nguru. Ko asibiti za shi, yana rataye da 'yar jakar fata mai ɗauke da hatiminsa, da tawada, da basilla, da koren zaren ɗaure fayil. Ni kuwa yadda aka rene ni haka na bi da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na cin abinci a gabansa, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa in tashi. Saƙo tsakaninmu ta bakin ɗansa yake bi, ko da muna ɗaki ɗaya.

Wata rana ya ji ƙarar madannai ya tambayi ɗansa mene ne. Abdulmumin ya ce tafireta ce mai tuna abin da aka gaya mata. Baba ya ce shi ma yana da abin da yake so a tuna.

Haka muka fara. Bayan ɗansa ya tafi aiki, sai ya zauna ya fuskanci taga da bandeji a ido, ni ina bayansa a lungu. Ba ya cewa ki rubuta, sai dai ya ce wa tagar, "A rubuta." Wata huɗu muka yi a haka. Ya ba da labarin taragon gyaɗa, da sunayen direbobi da 'yan wuta masu zuba wa inji gawayi ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da ruwa ya cinye gada suka kwana tara a daji da fasinjoji. Ya faɗi yadda mahaifiyar Abdulmumin ta rasu a cikin jirgi kan hanyar asibiti, abin da bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ba. Ran nan muryarsa ta karye, na ci gaba da danne-danne ba abin da nake rubutawa, don kada ya san na ji. Gaskiya na so tsohon nan. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, kuma ban taɓa samun babba ya damƙa mini abu mai nauyi haka ba. Burina ɗaya, in sa masa littafin nan a hannu ya ce na yi daidai.

Muka gama ranar Alhamis. Jirginsa Lahadi ne, Selina kuma ta ce in zo Asabar mu buga a firintarta. Ranar Juma'a bayan la'asar, Baba ya ce wa ɗansa yana son ya ga littafin. Na ɗauko faifan na miƙa wa Abdulmumin, ya miƙa masa. Ya jujjuya shi ya ce, "Ina kwafin? Takarda ba ta tafiya ba kwafi."

Da murnata na ɗauko na biyun. Ya gyaɗa kai ya ce aikin masu hankali ke nan, na tafi kicin haɗa shayi ina jin kaina a sama.

Da na dawo da tire, jakar fata tana buɗe. Ya riga ya sa hannu a kan duka biyun da biro, irin dannawar akawun da ya saba rubutu ya ratsa kwafi uku. Ya buga hatimi. Yanzu ya haɗa su biyu ya ɗora a gwiwa, ya saita basilla, ba ma a gefe ba, can ciki inda farantin yake. A wurinsa abin da ba a sa wa hannu ba, ba a huda an ɗaure ba, bai zama fayil ba.

"Baba," na ce.

Ya ɗago. Wannan ne karo na farko da na kira shi ba don gaisuwa ba.

"Na'am?"

Na dubi Abdulmumin. Yana zaune kusa da shi, ya ga basillar, ya san dokar. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, ɗa ne, yana da wannan damar. Sai ya ɗan girgiza mini kai, ya mai da ido kan kafet. Baba yana jira, fuskarsa cike da fara'a.

"Shayi zai huce," na ce.

Ya ce to, ya soka. Huda biyu ya yi, ya zura koren zare ya ƙulla, ya miƙa wa ɗansa da hannu biyu ya ce a buga a aiko masa.

Ranar Asabar na kai wa Selina. Ta dubi zaren ta dube ni, ta ɗauko almakashi. Muka yi duk abin da littafina ya ce. Muka sa faifai muka rufe, ya yi gurnani, allo ya ce ba ya karantuwa. Muka zare muka sake saitawa. Muka goge kan da ke karanta faifai da auduga da sifirit, muka kashe muka ƙirga goma. Selina ta tsaga baƙar rigar faifan ta zaro farantin ta sa shi a sabuwar riga. Da ta ɗaga shi a taga, sai ga haske ta huda biyu, ga kuma sa hannun Baba ya fito raɗau a jiki. Na biyun ma haka. Abin da ya dawo shi ne sunan fayil da rabin shafin farko.

Na koma gida. Na samu Abdulmumin a ɗaki na ce ya gaya wa Baba, a ɗaga tafiyar, mu sake.

"In ce masa me? Ya ɓata aikinsa da hannunsa? Tsoho ne, Rumasa'u."

"To me ya sa ka yi shiru jiya?"

"Ke da kika san abin, me ya sa kika ba shi duka biyun?"

Nan maganar ta tsaya, kuma har yau nan take. Baba ya hau jirgi yana sa mana albarka.

Sai na ce zan rubuta daga kaina, tunda ni na ji. Wata uku ina yi. Wasu wurare suna zuwa da muryarsa, wasu kuwa in tuna labarin in rasa sunan, ko in tuna sunan in rasa tashar. Inda na rasa na cike da abin da na ga ya dace. Selina ta buga, muka aika ta hannun wani mai tafiya Kano. Na roƙi Abdulmumin ya haɗa da 'yar wasiƙa ya yi bayani, ya ce zai yi. Daga baya na gane bai yi ba.

Bayan wata biyu ƙunshin ya dawo. Idon Baba ya warke sarai, shi ya karanta da kansa. Ya bi shafukan da jar biro: wannan direba ba a Nguru yake ba, kwana tara ne a gadar amma ba a wannan shekarar ba, ban faɗi haka ba, ban faɗi haka ba. A shafi na ashirin da uku gyaran ya tsaya. Wurin rasuwar matarsa, da na fi wahala a kai, ya ja masa layi daga sama har ƙasa. A ciki akwai wasiƙa zuwa ga ɗansa, Abdulmumin ya karanta a tsaye ya ajiye mini a kan madannai ya fita.

Gaisuwa ce da addu'a ga Haula, sai layi biyu a ƙarshe. Baba ya ce a yi wa iyali godiya da ɗawainiya, amma a bar maganar littafi. Ya ce laifinsa ne da ya yi wata huɗu yana magana bai taɓa waiwayowa ya ga ko ana sauraronsa ba.

Na rubuta masa amsa sau huɗu a kan na'urar nan, ina gogewa, don ba yadda zan wanke kaina ban ce shi ya huda ba. Ina kan ta biyar aka bugo waya daga Zariya aka ce ya rasu.