Sabuwar Taya da Falwayar Gangare

"Gwanjo ka saka mini! Ka wanke su, ka goge, ka ce mini sababbi ne!"

Surukina ke nan, mijin 'yata, tsaye a tsakiyar falo yana nuna ɗana da makullin mota kamar zai soke shi. Ɗan nawa kuwa, Auta, mai shagon taya a bakin tashar tasi, ko takalmi bai gama cirewa ba aka tare shi da wannan.

"Yallaɓai, a gabanka na yage musu leda. Takardar da ke manne a jikinsu ma kai ka ɓare ta da farcenka."

"Leda ai sayar da ita ake yi a kasuwa."

"To Allah ya ba ka haƙuri. Takardar ma ni na buga ta a ɗakina."

'Yata tana kan kujera da kayanta na nas, wuyan hannunta ɗaure da bandeji. Ni kuma ina kusurwata kusa da hita mai ɗumama ɗaki, lulluɓe da bargo, ido a rufe. Duk wanda ya zauna da ni ya san in na rufe ido to kunnena ne ya fita aiki.

Ga yadda abin yake. Ran Asabar Auta ya saka wa motar gidan tayoyi huɗu. Ran Litinin aka wayi gari da sanyin da ban ga irinsa ba a bana, raɓa ta kwanta a kan kwalta tana sheƙi, numfashin mutum yana fita kamar hayaƙi. 'Yata ta ɗauki motar za ta asibiti. Layinmu gangare ne, a ƙarshensa akwai kwana, a kwanar akwai falwayar lantarki. Ta taka birki, mota ta ce ba da ita ake ba. Haka ta yi ta sulalewa a hankali, a hankali, har ta je ta rungumi falwayar. Bamba ta lotse, fitila ɗaya ta tafi, hannu ya gurɗe a sitiyari. Maƙwabta ne suka turo motar suka dawo da ita harabar gida.

"Na fa gaya maka tun a shago," in ji Auta. "Sabuwar taya daga kamfani take zuwa da ɗan santsi a fuska, sai ta ci hanya yake gogewa. Ga sanyi, roba tauri take yi, ba ta kama kwalta. Na ce a lallaɓa ta sati biyu."

"Sabuwa ta fi tsohuwa santsi! Mama, kina jin ɗanki?"

Na yi minshari kaɗan.

Sai surukina ya ciro waya. Akwai wani guruf a waya na masu motoci a unguwarmu, rabin direbobin tashar suna ciki, kuma da direbobin nan Auta yake ci da iyalinsa. Surukina ya danna, muryarsa ta cika falo, yana cewa jama'a a yi hattara da shagon bakin tasha, ana goge tsofaffin tayoyi ana sayarwa, saura kaɗan a kashe masa mata.

"Ka aika wannan?" in ji Auta.

"Tun safe."

Auta ya sunkuya ya mayar da takalminsa, ya ɗaure igiyar a hankali. Ko sallama bai yi mini ba.

Yanzu bari in faɗi gaskiya, tunda ba a gabansa nake ba. Ni ma na zarge shi. Ni na haife shi, na san hannunsa. Yana ɗan shekara tara ya fasa mini kofin tangaran, ya liƙe shi da gam, ya mayar cikin kabad ya juya tsagar wajen bango. Wanda ya iya wannan, me zai hana shi goge taya? 'Yata ma ban bar ta ba. Yarinyar nan waya ba ta sauka daga kunnenta, wa ya sani ko da hannu ɗaya take tuƙin? A gidan nan mutum ɗaya ne kawai bai zo mini a rai ba, saboda ya fi kowa ihu.

Washegari da hantsi, bayan kowa ya fita, na ɗauki sandata na sauka harabar gida, wai shan rana. Na zagaya motar sau biyu. Tayoyin baƙi ƙirin, suna walƙiya kamar takalmin ango. Na dafa bango na sunkuya, gwiwata tana ƙara, na zura yatsa cikin zanen tayar gaba. Yatsan ya fito da maiƙo. Na shinshina. Ƙamshi! Wani ƙamshi-ƙamshi kamar na lemo. Na taɓa ta baya, haka. Ni dai makarantata ba ta yi nisa ba, amma ban taɓa jin an ce roba na ƙamshin lemo ba. Na goge a hankicina, na ƙulle.

Daga nan sai shagon Auta. Tafiyar minti goma ce ga mai ƙafa, ni na yi ta a rabin awa. Na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya, hannu cikin hammata, injin iska a kashe. A gabana wata tasi ta rage gudu, direban ya dubi shagon, ya kau da kai, ya wuce wajen mai facin da ke gaba.

"Na huɗu ke nan yau," in ji Auta. "Inna, me ya fito da ke cikin sanyin nan?"

"Kawo mini sabuwar taya in gani."

"Mota kika saya?"

"Jirgi na saya. Kawo."

Ya gangaro da ɗaya. Na shafa fuskarta. Da ɗan sulɓi kam, kamar an goga kyandir, amma a bushe take, kuma warin roba take yi. Sai na kwance hankici na kai masa hanci. Ya shinshina sau ɗaya, ya ɗago.

"Wannan man ƙyalli ne. A gefen taya ake ɗan shafa shi don ado. Ina kika samo?"

"A inda taya take taka ƙasa."

Ya miƙe tsaye. "A fuska? Duka huɗun? Inna, ga santsin kamfani, ga sanyi, sannan a ƙara mai? Ai Yaya ta auna arziki da falwaya ce ta tare ta, ba tirela ba. Wane ne?"

"Zauna. Da na sani da ban tako nan ba."

Na dube shi sosai lokacin da yake shinshinar. Na san fuskarsa ta ƙarya, kunnensa na dama motsi yake yi. Bai motsa ba. Na cire shi daga lissafi, amma ban gaya masa ya taɓa shiga ba.

A hanyar komawa zuciyata ta tafi kan Mai Fansho, maƙwabcinmu na ƙasa. Shekara biyu ke nan suna rigima da surukina a kan wurin ajiye mota, har ya taɓa cewa wata rana sai motar nan ta bar harabar ko da ja ne. To ga shi kuwa har an turo ta. Na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Matarsa ƙawata ce, irin ƙawancen da ba ka juya wa baya. Ta zuba mini shayi, muka zauna jikin tagarta mai kallon harabar, na fara jefa ƙugiya.

"Maigidan yana fita da sassafe kuwa kwanan nan?"

"Ina zai je a sanyin nan?"

"Na ce ko yana ɗan zagaya motoci, ya sunkuya ya duba ƙasa."

Ta ajiye kofi. "Ke, faɗi abin da ya kawo ki. Mutumin da ni nake saka masa safa shi ne zai sunkuya? Tun da bayansa ya riƙe, ko tsabar kuɗi ya gani a ƙasa sai dai ya yi mata addu'a ya wuce." Ta kurɓi shayi. "Sunkuyo ai sai surukinki. Allah ya ba shi baya. Ran Lahadi tun hantsi yake durƙushe a nan da soso da 'yar kwalba. Ya shafa, ya tashi ya tura motar gaba kaɗan, ya durƙusa ya shafa inda ke ƙasa, ya sake turawa. Ko tafin hannu bai bari ba. Da ya gama har hoto ya yi musu, ya ja da baya ya ƙara wani."

Shayin ya kusa sarƙe ni. Ran Lahadin nan ina ɗaki ina fama da mura, tagata a rufe. Rana ɗaya tak na bar aiki, ga abin da ya wuce ni.

Ya kamata in yi shiru, na sani. Sirrin gida ne, kuma a gidan mutumin nake kwana. Na ma yi niyyar yin shirun. Amma ta ga fuskata, ta ce mene ne, na ce ba komai, ta ƙara mini sukari. To, na gaya mata abin da Auta ya ce game da man. Na ce kada ta gaya wa kowa. Ta ce haba, ita da wa?

Da yamma 'yata ta dawo, na ce ta ba ni makullin mota na manta mayafina a but. Ta ce yaushe na shiga but, na ce ta ba ni dai. Kwalbar tana nan bayan tayar safaya, saura ɗan kaɗan a gindi, ga soson a leda, an naɗe shi tsaf. Mutumin akwai tsabta, wannan ba a ƙwace masa ba. Na aika wa Auta ya zo.

Surukina ya shigo ya tarar da mu a falo, tire a kan tebur, kofuna huɗu, kwalbar a tsakiya inda sukari yake zama.

Ya tsaya. "Wa ya taɓa mini but?"

"Ni ce, ɗan nan. Man gwiwa nake nema, na ji wannan da ƙamshi. A ina ake shafa shi?"

"Na taya ne, Mama."

"A gefe ko a fuska?" in ji Auta.

Surukina ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya kau da kai daga kwalbar.

"Yallaɓai, a gefe ko a fuska?"

"Taya ai taya ce. Na ga gefen yana ƙyalli, saman ya yi fari-fari, ba su dace ba."

"Ba su dace ba," in ji 'yata. Tun ran Litinin sai yanzu na ji muryarta a kan maganar nan. Ta ɗaga hannun mai bandeji. "Kwana biyu ina kwana ina tashi da tunanin ni ce ban iya tuƙi ba, ko ƙanina ne ya cuce ni. Ashe kwalliya aka yi mini."

"Ai ko ba man, shi da bakinsa ya ce sabuwar taya na da santsi."

"Ya ce a lallaɓa ta. Ka gaya mini?"

"Na manta."

Ta juya kan Auta. "Kai ma kada ka wani ɗaga hanci. Wa ke tuƙa motar nan kullum, ni ko shi? Ka gaya wa mai makulli, ka bar mai sitiyari."

Auta ya sunkuyar da kai. "Wannan kam na yi laifi, Yaya." Sai ya tura wayar surukina da ke kan tebur zuwa gabansa. "Ni ba haƙuri nake so ba, Yallaɓai. Inda ka ɓata ni, nan za ka gyara. Danna ka faɗa musu abin da ka shafa."

"In ce me? In tsaya gaban direbobin tasi in ce..." Ya kasa ƙarasawa. "Zan ce an samu rashin fahimta."

"Rashin fahimta ba ya dawo da mota shago. Ka ce mai. Ka ce a fuska."

"Ba zan mai da kaina abin dariya a unguwa ba."

Sai wayar ta yi ƙara. Ta sake. Ta sake, har tana rawa a kan tebur tana matsowa kusa da tire. Ya ɗauka ya danna, da ya sani da bai saka ta a lasifika ba. Muryar Mai Fansho ce, yana tari yana dariya: wai jama'a, duk mai son motarsa ta koyi rawa ya kawo ta harabar gidansu ran Lahadi, akwai gwani, har tura ta yake yi don kada wani wuri ya ji haushi. Bayansa wani direba ya shigo yana tambaya ko ana shafa wa birki ma. Wani ya ce a gaya wa Auta gobe da safe zai kawo tasa, huɗu yake so, amma busassu.

Surukina ya kashe wayar. Bai dubi Auta ba, bai dubi matarsa ba. Ni ya duba.

"Mama. Tun yaushe kika sani?"

"Tun hantsi."

"Kika kai ƙasa kafin ki kawo sama."

"Ƙasan ne a kan hanya, ɗan nan. Gwiwata ba ta son matakala."

"A gidana kike, Mama. Da kin kira ni gefe."

"Kai ka kira shi gefe?" Na nuna Auta da cokali.

Surukina ya juya mini baya. Ya ɗauki rigar sanyinsa a bayan kujera, ya zura hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi shiga, ya bar ta tana reto. 'Yata ta ce ina za shi, shayinsa zai huce. Ya ce ta ba Mama, ita ce ta yi aiki yau. Ya fita, ya maido ƙofar da ƙarfin da sai da kofuna suka yi tsalle a kan tire.