Kilo Ɗari da Ashirin

Ranar Litinin Birgitte, shugabar sashe, ta tara ma'aikatanta goma sha huɗu a ɗakin shan kofi don a gano abin da ke sa su ƙiba. Abin da aka fara ajiyewa a tsakiyar tebur shi ne kek, mai hawa uku, kirim har yana zubowa ta gefe.

Thorkild ya dubi kek ɗin, ya kau da kai. Shekara ashirin da biyu yana hawan manyan fankokin samar da lantarki da ke cikin teku gaba da garin Esbjerg, shi da abokinsa Mogens, wannan ya riƙe wa wannan igiya. Bana kamfani ya fito da doka: duk wanda ya wuce kilo ɗari da ashirin ba zai ƙara ɗaura igiyar hawa ba, sai dai a tura shi sito a wani gari ya riƙa jera kusoshi. Likita zai auna Mogens ranar Alhamis, Thorkild kuma ranar Juma'a. Da safiyar nan sikelin gidansa ya nuna masa ɗari da ashirin da ɗaya, bayan wata biyu yana cin ganye kamar akuya.

"To, kowa ya faɗi ra'ayinsa," in ji Birgitte, tana yanka. "Mutum biyar suka faɗi awo bana. Me ke faruwa da mu?"

Mogens ne ya fara, da yake bakinsa bai taɓa jiran izini ba. "Abincin kanti ne, ba wani abu ba. Suna zuba wani sinadari da ke hana mutum ƙoshi. Kakana man alade yake shafa wa burodi kullum, ya mutu kamar sanda." Ya miƙa faranti aka ƙara masa.

Solveig, mai tsara musu ranakun fita teku, ta ce ina, damuwa ce. Ta karanta cewa in hankali ya tashi jiki sai ya riƙa ɓoye kitse. Wani ya ce duhun hunturu ne. Wani ya ce gado ne, danginsu kaf haka suke. Har aka sami mai cewa farantan zamani ne suka fi na dā faɗi, kamar farantin ne ke bin mutum da gudu yana cusa masa. Kai, ilmi ya zuba a ɗakin nan! Kowa da binciken da ya ji, kowa da cokali a baki.

Thorkild ya yi ta haɗiye magana har ta ƙi haɗiyuwa.

"Kun bar jaki kuna dukan taiki," ya ce. "Ga shi nan a gabanku."

Aka dubi inda yake nunawa, aka dube shi.

Ai ba ƙarya ya yi ba. A wurin nan, in ka yi kuskure a aiki, kek za ka kawo a yafe maka. Ranar haihuwarka, kek. Ka sayi mota, kek. Ka dawo hutu, kek. 'Yarka ta ci jarrabawa, kek. Na yau ma na wanda ya manta sifana a saman fanka ne. In an kwana biyu ba wanda ya yi laifi, sai a ƙirƙiro wa wani.

"Sha takwas muka ci a watan jiya," in ji Thorkild. "Ni na ƙirga."

"Ka ƙirga?" Solveig ta ajiye cokali. "Muna zaune ana zumunci, kai kana lissafa mana loma?"

Mogens ya bushe da dariya, teɓarsa na girgiza tebur. "Ku ƙyale shi, yunwa ce. Mutumina, ɗan yankin nan ne zai kai ka ɗari da ashirin? Ci abinka, ka ji. Tun da ka koma cin latas ka zama mugu."

Birgitte ta ce bai kamata a ɗora laifi kan al'adar da ta haɗa kan ma'aikata ba. Aka kaɗa ƙuri'a, mutum goma sha uku suka yarda lamarin yana da sarƙaƙiya, sai an sake zama. Aka kuma yanke cewa Thorkild ya ɓata wa mutane rai, saboda haka shi zai kawo kek na gaba.

Bai kawo ba. Talata da Laraba a mota ya ci karas ɗinsa shi kaɗai, ba mai ce masa sannu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma sikeli ya sauko: ɗari da sha tara da giram ɗari takwas.

Ranar Alhamis da hantsi Mogens ya fito daga wurin likita ba dariya. Ɗari da ashirin da shida. Da rana sai ga shi da kwali niƙi-niƙi, don mai barin sashe ma kek yake kawowa. Wannan ya fi na Litinin girma, matarsa ce ta gasa, har ta zana fanka a kai da sukari.

Aka taru. Birgitte ta yi jawabi, ta ce wannan ya ƙara nuna cewa dole a zurfafa bincike. Mogens ya karɓi wuƙa, ya yanko yanki na farko, ƙato, da fiffiken fankar a kai. Ya ratsa mutane har bakin ƙofa inda Thorkild ke tsaye.

"Shekara ashirin da biyu ina riƙe maka igiya," ya ce. "Ban taɓa saki ba. Nawa ma za ka ƙi?"

Duk ɗakin aka zuba masa ido. Thorkild ya san abin da sikeli ya ce da safe, ya san gobe Juma'a. Ya kuma tuna ranar da ƙafarsa ta zame a tsani, iska na kaɗawa, wannan hannun mai riƙe da faranti ne ya tare shi. Tausayi ya kama shi, ya karɓa.

Aka tafa. Ya cinye, Solveig ta ce ai an shirya ke nan, ta ƙara masa. Matar Mogens ta aiko da tambaya ko ya yi daɗi, to wa zai ce a'a? Aka sake ƙarawa. Bayan wata biyu na ganye, cikinsa bai yi masa gardama ba ko kaɗan.

Da safiyar Juma'a likita ya dubi sikeli, ya ce wa Thorkild ya sauka ya sake hawa. Ya cire agogo ma, ya sake hawa. Ɗari da ashirin da giram ɗari huɗu.

A hanyar komawa ya tsaya a gidan burodin da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Mai shagon ta san su duka, rabin cinikinta nasu ne.

"Thorkild! Kwana biyu. Wane laifin aka yi kuma?"

"Na bankwana ne."

"Ayya. Babba ko ƙarami?"

"Ba ni babban," ya ce. "Ranar Litinin suna da taro."