Matattun Sunaye

A kamfanin manhajar kallon finafinai da Leandro Carranza ke aiki a San Jose, duk sunan mai kallo da ya yi wata shida ba a buɗe shi a talabijin ba, "matacce" suke ce masa. Leandro ne ya tsara yadda manhajar za ta riƙa share irin waɗannan sunaye da kanta, don allo ya yi tsaf. Aka tafa masa a taro, aka ƙara masa girma. Wanda aka tafa wa kuwa ba ya waiwaye.

Wata Lahadi a Oktoba ya je Fresno gaida mahaifinsa Eusebio, tsohon direban babbar mota. Ya tarar da shi zaune gaban talabijin ɗin kamfaninsu, miyar tumbi ta huce a gefe. Allon na tambayar da ya saba: wa ke kallo? A da sunaye biyu ne a ƙasa. Yau na Eusebio kaɗai.

Ɗayan na Amparo ne, mahaifiyar Leandro, wadda ta rasu a Maris. Sai yau tsohon ya gaya masa cewa tana cikin kallon wasan kwaikwayo ciwon ajalinta ya taso, ta tsayar a minti na talatin da ɗaya, ta ce kada kowa ya taɓa mata, za ta dawo. Shi ya sa bai taɓa buɗewa ba. Kullum dai yakan ga sunanta kusa da nasa kafin ya nemi labarai.

"To, injiniyan gari, ga ranarka," in ji shi. "Maido min da mamanka."

Leandro ya karɓi rimot. Ya san abin da aka share ya tafi ke nan, domin da bakinsa ya ce wa taro ajiye matattu ɓarnar wuri ce. Ya yi ta latse-latse don a ga yana ƙoƙari. Can ya buɗe sabon suna, ya rubuta Amparo, ya zaɓi launin da take da shi a da.

Tsohon ya karɓa, ya danna sunan, karo na farko. Allon ya yi mata maraba, ya tambaye ta wane irin kallo take so.

"Wannan baƙuwa ce. Goge ta." Ya ajiye rimot ɗin. "Gobe ka nemo wanda ya yi aikin nan a wajenku, ka tambayar min shi ko uwa ce ta haife shi."

Leandro ya ce zai tambaya.